Shanya a Daɓen Janar

Tun ranar da aka kawo ni ƙauyen maigidana, can gefen titin da ya tashi daga Dutse ya nufi Kiyawa, na tarar da abin a tsaye a bakin gari. Dogon ginshiƙi ne na siminti, ya kusa kai tsawon dabino, an ɗora masa hular soja ta ƙarfe a ka, da takubba biyu a giciye. A ƙirjinsa akwai farin dutse mai santsi da rubutu a jiki, a ƙasan rubutun kuma an jera wasu ƙarafa guda tara, kowanne kamar murfin gwangwanin madara, wani da tauraro, wani da abu kamar rana. Amma abin da ya fi ɗaukar idon mace shi ne ƙasan wurin. Daɓen siminti ne mai faɗi, sumul, ya ninka tsakar gidanmu sau uku, an ɗaga shi da matakala uku, an kewaye shi da gajerun turaku da sarƙa.

An gina shi ne don wani babban soja ɗan garin, wanda ya kai muƙamin janar, ya rasu a birni aka binne shi can. Ba mai kiran sunansa. Daɓen Janar kawai ake cewa. An ce da fari siffarsa aka so kafawa, malaman gari suka ce ba dai a garinsu ba, shi ya sa aka tsaya a kan hula.

Surukata, wadda nake kira Inna, ita ta fara shanya a wurin tun kafin a auro ni, kuma ta sha ba ni labarin yadda aka yi. Ta ce da magina suka kwashe kayansu, wata guda cur mutanen gari suna zuwa kallo, suna jiran su ga aikin da abin zai yi. Wasu suka ce famfo za a sa. Wasu suka ce masallacin idi ne ba a ƙarasa ba. Shiru, babu famfo babu liman. Sai ta je ta sami mai gadin wurin, wani tsohon soja ɗan garin da kowa ke kira Baba Kofur. Taubashinta ne, saboda haka ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

Ta ce masa, "Kai sojan gudu, akwai mutum a ƙarƙashin nan?"

Ya ce, "Babu kowa, uwar surutu. Mai wurin yana birni."

"To shi wannan me yake yi?"

"Tsayuwa yake yi."

"Tsayuwa aiki ce?"

Ya ce, "Ni da na yi soja, rabin aikin namu tsayuwa ce."

Inna ba ta gamsu ba. A saninta, idan mutum ya rasu 'ya'yansa suka yi gini da sunansa, to rijiya ce, ko masallaci, ko makarantar allo, ko rumfa a bakin hanya don matafiya. Abu dai wanda mai rai zai amfana da shi, lada ya riƙa isa kabari. Ba ta taɓa jin an zubar da siminti mai yawa haka don mamaci, shi kuma bai sami komai ba. Ta ce sai ta zauna ta yi wa wurin kallon tsanaki. A ɗage yake, yashi ba ya shiga. Ruwa ba ya kwanciya. Babu itace kusa, rana tana dukansa tun hantsi har la'asar. Ta ce a ranta, ashe mashanya ce. 'Ya'yan Janar sun yi tunani, sun san wahalar mata.

Washegari ta kai kuɓewarta ta baza. Kafin kaka ta wuce tsofaffin matan gari duk sun bi ta. Daga nan al'ada ta kafu. Duk wadda ta kwashe shanyarta da yamma sai ta tsaya a matakalar ƙasa ta ce, "Allah ya kai ladan kabarin Janar," sannan ta ɗebi ƙwarya ɗaya ko tafi biyu ta zuba wa Baba Kofur. Shi kuma ya wuni da sanda yana korar awaki. Ban taɓa jin ya ce musu sadaka ce ba, ban kuma taɓa jin ya ce ba ita ba ce. Miyar gidansa dai ba ta yankewa.

Busasshiyar kuɓewar Inna ta yi suna har kasuwar Shuwarin, don ba a taɓa tauna tsakuwa a cikinta. Bayan rasuwar mijinta, daɓen nan ya zama mata kamar ɗaki na biyu. Can take hira, can take jin wa ya haihu wa ya yi rashi, can take gyangyaɗi. Da yanar ido ta fara rufe mata gani, ba ta iya tsince ƙasa daga cikin kaya ko ta so, sai wurin ya zama shi kaɗai ne inda za ta yi shanya hankalinta kwance. A lokacin ne maigidana ya ce in riƙa raka ta, ina ɗaukar mata buhu.

Ni kuwa a shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan na yaye ɗana na uku. Bayan la'asar muke zuwa makarantar firamare, mu zauna a kan bencin yara gwiwoyinmu suna dukan tebur. Da baƙaƙe suka fara buɗe mini, sai wani abu ya same ni, na kasa wuce rubutu. Buhun taki, kwalin magani, bayan a-daidaita-sahu, takardar da aka ƙunso ƙosai, duk sai na tsaya na haɗa. Maigidana ya ce in na ci gaba haka wata rana mota za ta buge ni ina karanta ta.

Shi ya sa wata safiya, Inna tana baza kuɓewa da tafin hannu, na bi siririyar hanyar da ake bari a tsakanin shanya na isa gaban farin dutsen. Shekara goma sha ɗaya ina ganinsa, ban taɓa tunanin magana yake yi ba. Rubutun sama Turanci ne, na gane baƙaƙen amma ba su ce mini komai ba. Na ƙasa Hausa ce. Na sa yatsa na bi a hankali. An ce an gina wurin ne domin tunawa da shi da jarumtarsa. An sa shekarar haihuwa da ta rasuwa. An ce ya sami lambobin yabo guda tara, ga siffofinsu nan a ƙasa. Iyakar abin ke nan.

Na sake komawa farko, ina neman kalma guda, sadaka. Babu. Na nemi inda aka ambaci mata, ko shanya, ko jama'ar gari. Babu. Na kuma nemi inda aka ce an hana, shi ma babu. Na dawo na zauna kusa da Inna na taya ta baza kuɓewa. Ni dama ba mai saurin magana ba ce, in abu ya shige mini kai sai ya kwana biyu yana juyawa.

Abin da ya fi damuna ma a kwanakin ba maganar sadakar ba ce. Ƙarafan nan tara ne. Me mutum zai yi a ba shi murfin gwangwani ya rataya a ƙirji, har a zo a kafe irinsa a dutse? Ni na san yabo da baki, na san kyautar zane ko akuya. Wannan ban san shi ba. Sai na fara tambayar Baba Kofur, kullum guda ɗaya, don kada in gajiyar da shi.

"Baba, wannan mai tauraron fa?"

"Wannan ta ƙetare kogi ce, 'yata. An ce gada ta karye, ana harbi, shi ya fara shiga ruwa."

"Ya iya ruwa?"

"Ɗan garin nan? A ina zai koya, a randa? Ai shi ya sa aka ba shi."

Wata ya ce ta zuwa ƙasar waje ce raba faɗa. Wata ta rauni ce, an ciro masa ƙarfe a cinya. Wata ya ce wani shugaban wata ƙasa ne ya ba shi. Da na nuna ta shida sai ya yi dariya ya ce, "Wannan ta daɗewa ce ba ka mutu ba, ba a kuma kore ka ba. Ni ma ina da irinta." Inna daga inda take ta ce, "Ai kai dole ka daɗe, kullum kana bayan tukunya." Ya ce, "Da babu na bayan tukunya da janar ɗinku bai ƙetare ko kwata ba." A nan na san ashe girki ya yi wa sojoji.

Ta tara ce kawai ya kasa. Ƙarama ce, babu tauraro, sai wani abu kamar ganye biyu. Ya ƙura mata ido ya daɗe, ya ce, "Wannan kam bayan na bar aiki ta zo. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ana cikin haka, wata Talata a ƙarshen kaka, dagaci ya zo daɓen da kansa. Ya gaida tsofaffi, suka ce ranka ya daɗe. Ya ce ranar Asabar 'yar Janar za ta zo tare da manyan hafsoshin soja, za su yi taron tunawa da shi a wurin. Ya ce kowa ta kwashe shanyarta ranar Juma'a, a share, a wanke tas, kada a ga ko ƙwayar barkono. Sannan ya faɗi abin da ya tsinka wa kowa zuciya. Ya ce ya ji ana maganar zagaye wurin da shingen ƙarfe a sa ƙofa da kwaɗo, kuma in baƙin suka ga abin da bai yi musu ba, to shi ba shi da bakin roƙo.

Ya tafi ya bar mu. Wata ta ce shi ke nan, mun koma tsintar tsakuwa. Sai da muka kama hanyar gida Inna ta yi nata maganar. Tana dafe da kafaɗata ta ce, "Amarya." Har ta rasu amarya take ce mini, ina da 'ya'ya biyar. "Dagacin nan yaro ne, kuma namiji ne. Ke in kika haƙa rijiya don mahaifinki, kika zo dubawa bayan shekaru kika tarar ba guga ba igiya, ba sawun kowa a bakinta, ya za ki ji?"

Na ce, "Ba zan ji daɗi ba."

"Me za ki yi?"

Kafin in amsa ta riga ni.

Ta ce, "Rufe ta za ki yi, kada yara su faɗa. To haka za su yi mana. In suka tarar da daɓen nan fayau, za su ce ba ma so. Wankewa za mu wanke, yadda ya ce. Amma ranar Asabar sai sun ga ladan ubansu da idonsu."

Na daure na ce, "Inna, na fa karanta rubutun nan. Ba a ce sadaka ce ba. An ce don a tuna da shi ne kawai."

"An rubuta a daina shanya?"

"A'a."

"Rijiyar bayan masallaci, an rubuta mata sadaka a jiki?"

"A'a."

"To. Mai sadakar kirki ba ya rubutawa. Kuma mu da muke ambatonsa kullum, wa ya kai mu tunawa?"

Na gaya wa maigidana bayan magariba, ya ce shi ba zai shiga tsakanin Inna da gwamnati ba, don bai san wadda za ta ci ba.

Ranar Juma'a muka wanke daɓen da omo da tsintsiyar kwakwa. Jan barkono na shekaru ya riga ya shiga simintin, ya ƙi fita, amma dai wurin ya yi fes. Dagaci ya zo ya gani ya sa mana albarka. Ni kunya ta hana ni ɗaga kai.

Asabar, rana tana ɓullowa, tsofaffi goma sha ɗaya suka hallara, kowace da duk abin da ta mallaka na shanya, har da wanda ya riga ya bushe aka fito da shi daga rumbu. Inna ta zauna a matakala ta ce, tunda ba ta gani sosai, ni zan tsara, kuma in yi shi kamar jeren ɗakin amarya. Na san kuskure muke yi, amma da na fara sai abin ya ja ni. Na sa jan barkono ya zagaye gindin ginshiƙin. Bayansa koren kuɓewa, yankakkiya ƙwaya-ƙwaya. Sai zoɓo mai duhu, sai kauɗar tumatir a jere kamar an kifa ƙananan kunnuwa, sai farin garin rogo a kusurwa huɗu. Muka bar siririyar hanya guda daga matakala zuwa farin dutsen, faɗin tafin ƙafa biyu, yadda muke bari kullum don juya kaya. Har yau ban ga abu mai kyau kamar daɓen nan a safiyar nan ba.

Baba Kofur ya makara a ranar, don ya tsaya gugar tsohon kakinsa. Ya iso yana tafiya a miƙe, lambarsa guda ɗaya tana lilo a ƙirji. Da ya hango daɓen sai ya tsaya cak, ya cire hula ya dafe kai.

"Innalillahi! Taubashiya, kin kashe ni. Yaƙi bai ci ni ba, kuɓewa ta ci ni."

Inna ta ce, "Gyara tsayuwarka, ai ka ce ita ce aikinku."

Kafin ya sake magana muka ji jiniya daga wajen Dutse. Motoci suka jeru a bakin titi. Sojoji suka diddiro, wasu da bindigogi, wasu da ganguna da begila. Biyu daga cikinsu suna riƙe da wani abu da ban taɓa gani ba, furanni ne aka naɗa su zagaye kamar ƙaton gammo. Ni har a wannan hali sai da na yi mamakin wane irin kaya za a ɗauka da shi. Dagaci ya zo da mutanensa cikin manyan riguna, ya dubi daɓen, ya dubi Inna, bakinsa ya buɗe bai rufe ba.

Wani hafsa dogo mai sanda a hammata ya tako har bakin sarƙa. Ya ce da ƙarfi, "Wane ne ya yi wannan? Nan kasuwa ce? A ina za mu yi fareti?" Ya juya ya ce a kawo tsintsiya a share komai ƙasa. Kurata uku suka haura. Na farko ya sa takalmi a cikin barkono, ƙurarsa ta tashi, sai atishawa. Iska ta kwasa ta kai wa masu badujala, mai begila ya sa ta a baki ya kasa busawa, hawaye na zuba. Tsofaffi suka fara salati. Na ga kayan da Inna ta yi wata biyu tana yankawa da lalube suna shirin komawa cikin ƙasa, kuma na san daga su sai kwaɗo.

Sai wata murya ta ce, "Dakata tukuna." Wata mata ce ta fito daga baƙar mota, za ta kai shekara hamsin, da tabarau da farin mayafi. Ita ce 'yar Janar. Ta zo ta tsaya tana kallon daɓen daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ban iya karanta fuskarta ba. Ta durƙusa kaɗan ta gaida Inna, ta ce, "Iya, me ke faruwa a nan?"

Inna ta laluba ta kamo hijabina ta turo ni gaba. "Amarya, ke kika yi boko. Yi musu bayani."

Ban taɓa magana a gaban maza fiye da uku ba. Na fara, muryata ba ta fita, har matar ta ce, "Ɗaga murya kaɗan, 'yar'uwa," ta matso da kunnenta. Sai na yi kamar ita kaɗai nake gaya wa. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Mu a nan in an yi gini don mamaci, to don a yi amfani da shi ne lada ya same shi. Iyayenmu sun ɗauka wannan mashanya ce kuka yi wa mata sadaka. Tun da aka gina suke shanya a kai. Dagaci ya ce a kwashe, ba laifinsa ba ne. Su suka ga in kuka tarar babu komai za ku ce ba a so, ku rufe." Na ƙara da abin da ya fi yi mini nauyi. "Ni na karanta dutsen, na san ba haka aka rubuta ba. Kuma ni na jera kayan."

Ta ce, "Lada kuma ta yaya?"

Na gaya mata abin da kowace take faɗa a matakalar ƙasa in ta kwashe kayanta.

Ta ce, "Kullum?"

Na ce, "Duk ranar da aka yi shanya. Da damina ana hutawa."

Ta cire tabarau ta goge, ko barkono ne ko ba shi ba, Allah ya sani. Hafsan ya matso ya ce, "Hajiya, akwai ƙa'ida, manya suna jira." Ta ce masa, "Yallaɓai, a yi faretin a kan titi." Ta tuɓe takalmanta ta ajiye a matakala, ta karɓi gammon furannin daga hannun sojojin, ta bi siririyar hanyarmu ita kaɗai, tana ɗaga zane don kada ya taɓa kuɓewa. Ta jingina shi a gindin dutsen, ta ɗaga hannu ta yi addu'a, muka shafa tare. Sojoji suka ƙame a kan kwalta, mai begila ya samu ya busa, Baba Kofur ya ƙame ya sara.

Da ta dawo sai ta zauna a matakala kusa da Inna, ta ɗebi kuɓewa tana murzawa. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Iya, kin san Baba ba ya shan miyar kuɓewa? Ko a tebur ya gan ta sai an ɗauke. Ya ce yauƙinta yake gudu."

Inna ta ce, "Mutumin da ya shiga kogi ana harbi?"

"Shi kuwa."

Inna ta girgiza kai ta ce, "To ki kwantar da hankalinki, 'yar nan. Ladan ba shi da yauƙi."

Hajiya ta yi dariya har ta dafa gwiwar Inna. Sannan ta gaya mana gaskiya. Ta ce maganar shinge ba a hannunta take ba, an riga an ba da aikin tun kafin su taso, kuma za a yi. Na ga hannun Inna ya tsaya a kan sandarta. Hajiya ta kira hafsan da dagaci, suka koma gefe suna magana, wani bi da Hausa wani bi da Turanci. Na ga hafsan yana nuna jan da ya shiga siminti da sandarsa. Na ga tana nuna tsofaffin. An daɗe. Da ta dawo ta ce shinge yana nan, ƙofa tana nan, kwaɗo yana nan, amma makulli biyu za a yi, ɗaya na dagaci ɗaya na Iya. Sharaɗi biyu ne: duk makon da za su zo a bar wurin fayau, kuma barkono kada ya sake matsawa kusa da dutsen.

Inna ta ce, "Na barkono mun ji. Na fayau ɗin ne ban gane amfaninsa ba, amma ubanku ne."

Tana shirin tashi na ga in ban tambaya yanzu ba, ba zan sake samun dama ba. Na ce, "Hajiya, don Allah, lambar nan ta ƙarshe, mai ganye biyu, ta mece ce?"

Ta waiwaya ta dube ta daga nesa, ta ƙirga da yatsa tun daga ta farko. Ta ce, "Wallahi ni ma ban sani ba. A gwangwanin alewa yake ajiye su, ni nake goge masa in zai sa. Ban taɓa tambaya ba, shi kuma bai taɓa faɗa ba." Ta tambayi hafsan, ya matsa ido ya ce zai bincika.

Bayan tafiyarsu dagaci ya yi mana faɗa sosai, ya ce mun kusa cire masa rawani. Inna ta aika masa da kuɓewa ƙwarya biyu. Gammon furannin kuwa nan aka bar shi. Washegari Inna ta laluba ta ji shi, ta tambaye ni ko na miya ne. Na ce a'a, na kallo ne. Duk da haka kullum in tana juya shanya sai ta juya shi, har ya bushe ƙayau, ta ce kada ya ruɓe a hannunta baƙi su ce ba ta iya aiki ba.

Wata biyu bayan haka maƙera suka zo suka kafa shingen, suka shafa masa kore da fari. Makullin ya iso a cikin ambulan. Inna ta sa masa zare ta ɗaure a bakin zanenta, inda take ɗaure goro. Ba ta iya ganin ramin kwaɗon, saboda haka kowace safiya ita za ta kwance makullin ta miƙo mini, in buɗe, in mayar mata. Ba ta taɓa barinsa ya kwana a hannuna ba. Baba Kofur ya ce tun da aka kafa soja ba a taɓa ba makauniya gadin janar ba sai a garinmu. Ta ce gara ita, ba ta ganin abin da za ta gudar wa.

Kaka huɗu ta ƙara yi a daɓen. Bayan rasuwarta muka dawo Yalwawa a cikin Dutse, inda maigidana ya sami aiki, na miƙa makullin ga ƙanwar Inna. Yanzu in zan je Kiyawa ganin dangi, nakan roƙi mai a-daidaita-sahu ya rage gudu a bakin garin. Ta tsakanin ƙarafan shingen nake leƙawa in ga launin da ke ƙasa, in san abin da aka samu a gona bana. Hafsan nan dai bai aiko da amsa ba, ko ya aiko ba ta iso ni ba. 'Yata ta biyu, wadda ke karatu a Kafin Hausa, ta ɗauki hoton lambar da wayarta ta ce za ta nemo mini. Na ce ta nemo a hankali, ba sauri nake ba.